Sani Kafin Saye: Darasin Gona ga Masu Sha'awar Kayan Kwamfuta

Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 2024 aka fara ba da shaidar inganci ga na'urorin sadarwa da aka laƙaba wa suna Wi-Fi 7. Shekara guda bayan haka, wato a Janairun 2025, kamfanin Nvidia na ƙasar Amurka ya fito da wani katin sarrafa hotuna mai suna RTX 5090, ya yanka masa farashin dala 1,999. Kowanne daga cikin waɗannan kaya ya iso kasuwa da kirari mai daɗin ji, kuma kafin a ce kwabo labarinsa ya kai kunnen samari masu sha'awar kwamfuta, tun daga Landan har zuwa shagunan Ikeja da na Kano. Ba a daɗe ba sai ga tsohuwar na'urar da ke aiki lafiya lau jiya ta fara zama abin kunya a idon mai ita.

Sha'awar na'ura abu ne mai kyau, kuma ƙasar da samarinta ba su da ita tana cikin hasara. Amma akwai bambanci tsakanin sha'awar sanin yadda abu ke aiki da sha'awar mallakar sabon fitowa. Ta farko takan haifi injiniya. Ta biyu kuwa sau da yawa takan cinye kuɗin uba ko na makaranta, ba tare da aiki ya ƙara sauri ko da na sakan guda ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, duk wanda zai haɗa hanyar sadarwa a gida ko a makaranta, ko zai sauya wani sashe na kwamfutarsa, wajibi ne ya fara auna inda matsalar take kafin ya sa hannu a aljihu. Hujjar wannan ra'ayi kuwa tana cikin littafin ilimin halittu da kowane ɗalibin babbar sakandare ke ɗauke da shi.

Dokar Mafi Ƙaranci

A shekarar 1828 wani masanin aikin gona Bajamushe mai suna Carl Sprengel ya bayyana cewa girman tsiro yana rataye ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a cikin ƙasa, komai yawan sauran. Daga baya wani Bajamushen, Justus von Liebig, ya yaɗa wannan bayani har aka riƙa kiran dokar da sunansa. Manomin dawa ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Liebig ba. Idan gona ta rasa naitirojin, to ko an zuba mata buhu goma na fosforas ganyen dawa zai ci gaba da yin rawaya. A shekarar 1905 kuma wani Bature ɗan Ingila, F. F. Blackman, ya nuna irin wannan a kan yadda ganye ke haɗa abinci: idan iskar kabon ta yi ƙaranci, ƙarin hasken rana ba ya ƙara komai.

A ɗauki misalin randa mai huji a tsakiyar cikinta. Ruwa ba zai taɓa wuce wannan huji ba, ko da an ƙara wa randar tsawon wuya, ko an yi mata zane, ko an sayo sabon murfi. Mai hankali zai nemi hujin ya toshe. Hanyar sadarwa ta kwamfuta ita ma haka take. Saƙo yana bin matakai da yawa kafin ya iso gaban mai karatu, kuma matakin da ya fi kowanne rauni shi ke yanke hukuncin saurin tafiyar baki ɗaya.

Tafiyar Saƙo Daga Teku Zuwa Ɗaki

Abin da ake kira hanyar sadarwa ta gida ba wani abu ba ne illa haɗa na'urorin da ke cikin gida, wato kwamfuta da wayar hannu da talabijin da injin buga takarda, ta yadda za su iya aika wa juna saƙo, sa'an nan su fita waje ta ƙofa ɗaya. Wannan ƙofa ita ce ƙaramin akwatin nan mai ƙyaftun fitilu da ake kira rauta. Aikinta kamar na sarkin tasha ne: tana ba kowace na'ura lambar adireshi, tana karɓar ƙunshin saƙonni, tana tura kowanne inda ya nufa.

Idan ɗalibi a Zariya ya buɗe wani shafi da ke ajiye a Turai, saƙon zai bi ta zaren gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, cikin saurin da ya kai kimanin kilomita 200,000 a sakan guda. Zai sauka a gaɓar Legas ta ɗaya daga cikin manyan kebul, irin su SAT-3, ko MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko WACS na 2012, ko Equiano da ya iso a 2022. Daga nan zai hau layukan kamfanin sadarwa ya nufo Arewa, ya isa turken da ke unguwa, ya sauka a rauta, sa'an nan ya ratsa bango ya shiga waya. Mai gida yana da iko ne da matakai biyu na ƙarshe kaɗai.

Ranar 14 ga Maris 2024 ta koyar da wannan darasi a fili. A ranar ne kebul huɗu, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a teku daura da gaɓar Kwaddebuwa, intanet ta yi rauni ƙwarai a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijeriya da Gana. Mai rauta ta dubban ɗaruruwan naira da mai tsohuwar rauta ta gwanjo duk sun zauna jugum tare.

Ko a ranakun da komai ke lafiya, lissafin ba ya sauyawa. A ƙaddara layin da ke shigowa gida yana kawo megabit 20 a sakan guda. Ya kamata a tuna cewa bit takwas ne ke yin bait ɗaya, saboda haka fayil mai girman gigabait ɗaya yana ɗauke da megabit 8,000. Idan aka raba 8,000 da 20 za a sami sakan 400, wato kusan minti bakwai. Ko an kawo rautar da ta fi kowace tsada a duniya, minti bakwai ɗin nan ba za su ragu ba, domin hujin randar yana wajen gida.

Lambar da ke Jikin Kwali

Tarihin Wi-Fi tarihi ne na lambobi masu hauhawa. Ƙa'idar farko ta 1997 tana ɗaukar megabit 2 a sakan. Ta 1999 ta kai 11, ta 2003 ta kai 54, ta 2009 ta kai 600. Wi-Fi 6 ta zo da alkawarin gigabit 9.6, Wi-Fi 7 kuma ta haura gigabit 20 a kan takarda. Wannan ci gaba na gaskiya ne, kuma injiniyoyin da suka yi shi sun cancanci yabo. Sai dai lambar da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali tana bukatar a karanta ta da idon basira.

Alal misali, rautar da aka rubuta wa AX3000 tana watsa saƙo a zango biyu. A zangon gigahaz 2.4 iyakarta megabit 574, a zangon gigahaz 5 kuma iyakarta 2,402. Sai aka tara su, aka cika lissafi, aka ce 3,000. Amma waya guda takan kama zango ɗaya ne a lokaci guda. Tamkar mai mota biyu ne, ɗaya na gudun kilomita 60 ɗaya na gudun 120, ya ce yana tafiyar kilomita 180 a awa. Bugu da ƙari, sauri yakan tsaya ne a kan abin da ɓangarorin biyu suka iya. Wayar da aka ƙera da Wi-Fi 5 mai eriya biyu ba ta wuce megabit 867 a bisa al'ada, ko da rautar da ke gabanta ta Wi-Fi 7 ce.

Sai kuma maganar bango. Ɗalibin kimiyyar fiziks zai iya yin wannan lissafi da kansa: idan aka raba saurin haske, kilomita 300,000 a sakan, da yawan kaɗawar igiyar rediyo, za a sami tsawonta. A gigahaz 2.4 tsawon igiya santimita 12.5 ne, a gigahaz 5 santimita 6 ne, a gigahaz 6 kuma santimita 5. Manyan zanguna sun fi ɗaukar saƙo, amma sun fi saurin raunana idan suka haɗu da bango. Gidajen da aka fi gwada waɗannan na'urori a cikinsu a Amurka galibi na katako ne da allon farar ƙasa mara kauri. Gidan bulo da siminti da rodi, ko gidan ƙasa mai kaurin bango, wani abu ne daban. Ruwa ma yana shanye wannan igiya, kuma da yake kusan kashi 60 cikin ɗari na jikin babban mutum ruwa ne, aji mai cike da ɗalibai shi kansa shinge ne.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Iska ta kowa ce. Na'urorin da ke kan tasha ɗaya dole kowace ta saurara, in ta ji shiru sa'an nan ta yi magana. Wanda ya taɓa tsayawa bakin kududdufi da damina ya ji yadda mazan wasu kwaɗi ke karɓa-karɓar kuka don kada muryar wani ta danne ta wani. Idan kwaɗin suka yi yawa, rabon kowanne sai ya ragu. A zangon gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11, kuma rautar maƙwabci tana cin rabonta a ciki. Saboda haka sau da yawa maganin raunin Wi-Fi kyauta ne: a fito da rauta daga bayan talabijin ko ƙarƙashin tebur, a ɗora ta a sama a tsakiyar gida, a sauya mata tasha. A rashin sani kaza ta kwana a kan dami.

Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A shekarar 1973, a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Robert Metcalfe ya rubuta bayanin wata hanyar haɗa kwamfutoci da kebul, ya kira ta Ethernet, kuma shi da abokin aikinsa David Boggs suka gina ta. Saurinta na farko bai kai megabit 3 ba. A 1990 aka amince da ƙa'idar megabit 10 a kan murɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, a 1995 aka kai 100, a 1999 aka kai 1,000, wato gigabit ɗaya. Kebul ɗin da ake kira Cat5e, wanda ake sayarwa da awon mita a kasuwa, yana ɗauke da wayoyi takwas da aka murɗe biyu-biyu. Murɗawar nan ita ce sirrinsa, domin tana sa hayaniyar lantarki da ta shiga waya ɗaya ta soke wadda ta shiga 'yar'uwarta. Yana kai gigabit ɗaya har tsawon mita 100, bai damu da bango ba, bai damu da maƙwabci ba.

Fayil ɗin nan da ya ci minti bakwai daga intanet, idan za a tura shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta a cikin gida ta wannan kebul, sakan goma sun ishe shi. Saboda haka ƙa'ida mai sauƙi ita ce: duk na'urar da ba ta motsi, kamar kwamfutar tebur da talabijin, a ja mata kebul, a bar iska ga masu yawo. Idan gida yana da faɗi, a ja kebul zuwa ɗaya sashen a kafa ƙaramar na'urar watsa saƙo ta biyu a can. Tsohuwar rauta da aka jingine takan iya yin wannan aiki. Fasahar da ta haura shekara 25 a duniya ita ce har yanzu ke warware matsalar da mutane ke kashe maƙudan kuɗi a kanta.

A Cikin Cikin Kwamfuta

Dokar Liebig tana aiki a cikin akwatin kwamfuta kamar yadda take aiki a wajensa. A 1971 furosesar Intel 4004 tana da tiransista 2,300. A 2020 furosesar M1 ta kamfanin Apple ta zo da biliyan 16. Gordon Moore ya hango irin wannan ninkuwa tun 1965. Sakamakon haka shi ne furosesar da aka ƙera shekara goma da suka wuce ta fi ƙarfin abin da rubutu da lissafi da karatu da koyon shirya manhaja ke bukata. Idan irin wannan kwamfuta tana nawa, ba kasafai laifin ke wuyan furosesa ba.

Mafi yawan lokuta hujin yana wajen ma'ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yana da hannu da ke yawo a kansa yana neman bayani, kuma kowane nema yakan ci kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Ma'ajiyar SSD ba ta da abin da ke motsi, kuma takan samo bayani cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan, wato ninki ɗari ke nan. Sauya faifai da SSD, tare da ƙara ma'ajiyar wucin gadi ta RAM daga gigabait 4 zuwa 8, yakan mai da tsohuwar kwamfuta tamkar sabuwa da ɗan kuɗi kaɗan. Amma daga nan riba sai ta fara raguwa. SSD ta talaka tana karanta kimanin megabait 550 a sakan, ta masu gayu tana haura 7,000, amma wanda ke buɗe takardar rubutu da ƙyar zai ga bambanci. Manomi ya san wannan ma: buhun taki na farko shi ke yin abin mamaki, na biyar kuwa ƙona shuka yake yi.

Wuta da Zafi da Ƙura

A wannan yanki na duniya akwai wani huji da masu tallar kaya a ƙasashen sanyi ba su cika tunawa da shi ba, shi ne wutar lantarki. Katin RTX 5090 shi kaɗai yana iya jan wat 575. Rauta ta gida tana jan kimanin wat 10. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wadda ta ƙirƙiro su duka, tana aiki da kimanin wat 20. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da wat-awa 1,200, kuma idan na dalma ne, rabin wannan kawai ya kamata a ja don kada ya mutu da wuri. Wat-awa 600 za su riƙe rauta awa 60, amma katin nan zai shanye su cikin kimanin awa ɗaya idan yana cikakken aiki.

Duk wutar da na'ura ta sha kuma zafi take komawa. Yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 a ma'aunin Salsiyas ba, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zafin watan Afrilu yakan haura haka. Idan furosesa ta yi zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kamar yadda ƙadangare ke neman inuwa da tsakar rana. Hazon hunturu kuma yana toshe ƙofofin iska da fankoki. Saboda haka na'urar daidaita ƙarfin wuta, da ƙaramin batir, da wuri mai iska, da buroshin share ƙura, sun fi cancantar kuɗin farko fiye da kowane sabon fitowa.

Hujjar Masu Saye

Masu son sabon kaya suna da tasu hujja, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma araha ba ta ado. Suna cewa da ba don masu ɗokin saye da wuri ba, da farashi bai sauko har talaka ya samu ba. Wannan gaskiya ne. Har ila yau akwai ayyukan da ke bukatar ƙarfin gaske, kamar tace fim, da zanen gine-gine, da nazarin jerin ƙwayoyin gado. Gidan da ya sami layin zaren gilashi mai gigabit ɗaya, ko makarantar da na'urori 50 ke rububin rauta guda, lalle suna da dalilin neman sabuwa, domin Wi-Fi 6 ta fi iya raba iska tsakanin na'urori masu yawa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta tsaro. An fasa makullin WEP tun 2001, aka maye gurbinsa da WPA2 a 2004, sa'an nan WPA3 a 2018. Rautar da WEP kaɗai ta sani, ko wadda kamfaninta ya daina aiko mata da gyara, ta cancanci ritaya. Amma ko a nan sabon kaya ba ya maye gurbin sani. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori ta hanyar gwada kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sa wa kaya tun daga masana'anta. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da su wajen kai hari, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da dama. Yawancin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa sauya kalmar sirrin da suka tarar ba. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafi minti biyu yake ci.

Abin lura shi ne, duk waɗannan hujjoji sun dace da Dokar Mafi Ƙaranci. Wanda ya auna ya gano cewa rautarsa ce hujin randa, to ya sayi sabuwa, kuma ya sayi nagari. Wanda ake ja da shi shi ne mai saye kafin awo.

Ina Tsohuwar ke Zuwa?

Akwai farashin da ba a rubutawa a rasit. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani ɓangare na ragowar yakan ƙare a juji, inda yara da samari ke ƙona kebul don su ciro jan ƙarfe. Unguwar Agbogbloshie ta birnin Accra ta yi ƙaurin suna a kan haka kafin a rushe kasuwar a 2021, kuma da yawa daga cikin masu aikin 'yan arewacin Gana ne.

Tsofaffin kayan lantarki suna ɗauke da dalma da zaiba da kadmiyam. Dalma tana lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da aka san ba ya cutarwa. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda. Hayaƙin robar kebul yana ɗauke da guba da ke sauka a ƙasa da ruwa, ta shiga ciyawa, ta shiga dabba, ta dawo cikin tukunya. Nijeriya ta ɗanɗana zama jujin wasu a 1988, lokacin da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya taimaka wajen ƙulla Yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin waɗannan suna iya ƙara shekaru suna aiki idan aka ɗora musu manhajar Linux, wadda kyauta ce.

Kira ga Malamai da Ɗalibai

Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, kuma kowace cibiyar jarrabawa hanyar sadarwa ce ta cikin gida: babbar kwamfuta ɗaya, da kebul, da akwatunan rarraba layi. Masu iya haɗa irin wannan da gyara ta ana nemansu a kowane gari. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya koyar da wannan sana'a da kwamfutoci uku na gwanjo, da ƙaramin akwatin rarraba layi, da nadin kebul, da filayar matse kai.

Ba ma sai da intanet ba. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen, bayan ya koyar a Jami'ar Jos a 1999 ya ga wahalar samun layi, ya jagoranci kafa wani shiri mai suna eGranary, wato rumbun littattafai da shafuka da ake ajiyewa a faifai guda a rarraba ta hanyar sadarwa ta cikin gida. Manhajar Kiwix tana ba da damar ajiye Wikipedia ɗungurungum, har da ta Hausa, a karanta ba tare da layi ba. Kwamfutar Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35 kuma girmanta bai wuce tafin hannu ba, tana iya ɗaukar wannan aiki da ɗan ƙaramin faifan sola.

Abu mafi muhimmanci shi ne a mai da aikin gwajin kimiyya. A auna sauri da kebul, a sake aunawa ta iska. A auna a mita 2, da mita 10, da bayan bango ɗaya, da bayan biyu. A auna da aji a wofi, a auna da aji a cike. A yi amfani da umarnin ping, wanda ke aika ɗan saƙo ya ƙirga lokacin dawowarsa, kamar yadda jemage ke gane nisan abu da amsa-kuwwar kukansa. A sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji, a rubuta sakamako a jadawali, a zana shi a takardar giraf. Ɗalibin da ya yi wannan ya koyi hanyar binciken kimiyya, kuma babu ɗan kasuwar da zai ruɗe shi da lambar jikin kwali.

Kammalawa

A taƙaice, kafin a sayi kowace na'ura akwai tambayoyin da ya kamata a amsa. Wane aiki ne ake son yi wanda ya gagara yanzu? Wane mataki ne ke riƙe shi, kuma da wane awo aka tabbatar? Shin akwai gyara na kyauta ko mai sauƙin kuɗi da ba a gwada ba? Wutar da ke akwai za ta ɗauki sabon kayan? Ina tsohon zai tafi? Idan amsoshin suka nuna saye, to a saya da kwanciyar rai.

Wi-Fi 8 tana tafe, kuma bayanta wata za ta zo, kowace da nata kirari. Iyaye da shugabannin makarantu da ke riƙe da ɗan abin da ke hannu suna da haƙƙin a nuna musu awo kafin a nemi sa hannunsu. Malaman kimiyya kuwa, tun da su ke koyar da dokar Liebig da ta Blackman a aji, su ne suka fi cancanta su fito da ita daga littafi su kai ta ɗakin kwamfuta a zangon karatu mai zuwa.